A-kori-kura mai lantarki a Nijar: a ina za ta sha wuta?

Daga Yamai zuwa Tawa, in ka bi kwalta ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ka karya kwana a Tsarnawa, tafiyar kilomita 550 ce ko kusa da haka. Ford F-150 Lightning kuwa, a-kori-kurar lantarkin da aka fara ƙerawa a Amurka a shekarar 2022, mai babban batir daga cikinsu an rubuta mata kilomita 515 a caji ɗaya. Wanda ya jera lambobin nan biyu zai ce ai saura ƙiris, in an lallaɓa ta za ta kai. Ba za ta kai ba, kuma ratar ta fi kilomita 35 nesa ba kusa ba. Dalilan da za su hana ta kaiwa su ne kuma za su nuna mana wanda irin wannan mota ta dace da shi a ƙasarmu, da wanda ya kamata ya dakata tukuna.

Sha'awar irin wannan mota tana da tushe. Duk wanda ya wuni a layin esansi a watan Maris na 2025 yana da hujjar neman motar da ba ta shan mai. Matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana, motoci da babura kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Rana ce dai Allah ya hore mana ba da awo ba. Ni ina cikin masu son ganin motocin lantarki sun yi aiki a nan, shi ya sa ba na so mutum ya zuba miliyoyinsa kan lambar da ya gani a talla, motar ta ƙare a bayan gida an lulluɓe ta da tamfol.

Ana auna cikin batir da kilowat-awa, wato kWh ɗin nan da ke jikin takardar kuɗin wuta. Lightning ta zo da 98 ko 131. Maxus T90 ta ƙasar Sin tana da wajen 88, Isuzu D-Max ta lantarki kusan 67, ita kuwa Hilux ta lantarki da Toyota ta fito da ita a ƙarshen 2025 tana da 59, an kuma ba ta kilomita wajen 240. In ka raba 131 da kilomita 515, za ka ga motar tana cin kWh 25 a kowane kilomita ɗari. To amma a wane hali aka auna? A ɗakin gwaji, mota ba kaya, ba yashi, ba iskar gaba. Ma'aunan ma ba ɗaya ba ne. Na Amurka, EPA, ya fi tsauri. Na Turai, WLTP, ya fi shi sassauci. Na Sin, CLTC, shi ya fi kowa kyauta. Mota ɗaya za ta iya samun lambobi uku mabambanta, dillali kuma babbar zai karanta maka.

Abu na farko da ke cinye cajin shi ne gudu. A-kori-kura doguwa ce mai faɗin ƙirji, iska take turewa, kuma turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi. Daga gudun kilomita 90 zuwa 120 a awa, turjiyar tana ƙaruwa da kusan kashi 78 cikin ɗari. Motar gazuwal ma tana biyan wannan haraji, sai dai ita a cikin gari ta fi asara, kan babbar hanya ta samu sauƙi. Ta lantarki akasin haka ce: a cunkoson gadar Kennedy ko shataletalen Babbar Kasuwa ba ta cin komai in tana tsaye sai na kilim, in direba ya ɗaga ƙafa kuma injinta ya zama janareta ya mayar wa batir wani abu. A miƙaƙƙiyar hanyar Doso ne take zubar da ƙarfinta. Sannu-sannu kwana nesa, a motar lantarki lissafi ne zalla.

Sai kaya, wanda shi ne dalilin sayen bashe tun farko. Nauyin da ke cikin bodi yana rage tafiya, amma tulin da ya haura kan mota ya fi shi ɓarna, domin ya ƙara wa iska wurin kamawa. Ku tuna yadda ake loda mota ranar kasuwar Badagishiri: buhunan gero a ƙasa, tabarmi da katifu a sama, awaki a gefe, mutane a can ƙololuwa. Jan tirela kuwa ya fi duka. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da tirela mai nauyi sun nuna tafiyar tana faɗuwa zuwa rabi, wani lokaci ƙasa da rabi. Yashi ma haka. Lightning mai babban batir tana kusan tan 3 ba a ɗora mata komai ba, Hilux kuwa tan 2 da 'yan kai. Ƙarfin tashin Lightning ba a magana, amma taya in ta nutse a rairayin arewacin Abalak wuta take sha kowane juyi.

Akwai kuma abin da masu motar suke koya da wuri: ba a amfani da batir daga baki har gindi. Wurin caji mai sauri yana rage ƙarfi sosai in batir ya haura kashi 80, kuma mai hankali ba ya barin sa ya sauka ƙasa da kashi 10 a inda babu mai ceto. Kashi 70 ke nan na 515, wato kilomita 360. Cire na gudu, cire na kaya, cire na kilim a watan Afrilu, za ka tsinci kanka a wajen 300. Dogon Dutsi tana kilomita 275 daga Yamai, Ƙonni kuwa wajen 420. Motar za ta sauke ka a Dogon Dutsi lafiya lau, daga nan sai neman wuta.

Mai Hilux ta gazuwal ba ya wannan lissafi. Tankinsa lita 80 ne, in yana shan lita 9 a kilomita ɗari ya wuce kilomita 800, jarka mai lita 25 a baya ta ƙara masa sama da 250. Litar gazuwal ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kWh 10. Gaskiya ne injin yana ƙone kusan kashi biyu cikin uku ya tafi a zafi da hayaƙi, to amma jarkar yaro ɗaya zai ɗaga ta, batirin Lightning kuwa ya haura rabin tan. Wannan ne ya sa a hanyar Tawa zuwa Agadas, mai kilomita wajen 400, ko hanyar Cintabaraden, ban ga dalilin da zai sa a yau mutum ya bar gazuwal ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato caji. Batir randa ce, wutar gidanka kuma bakin famfo. Girman randa ba ya ƙara wa famfo ƙarfi. Soket ɗin bango na gida, a kan volt 220 da amfiya 10, yana ba da kilowat 2.2. In ka raba 131 da wannan za ka samu awa 60, ka ƙara asarar kashi 10 da ke tafiya a zafi, ka kusa kwana uku kafin randar ta cika. Kuma awa 60 ɗin na wutar da ba a ɗauke ba ne. Duk wanda ya taɓa jona rishon lantarki a soket mai araha ya san abin da ke biyo baya: robar ta fara laushi, bakin ramukan ya yi baƙi, ɗaki ya ɗauki ƙauri. Risho minti talatin yake yi. Mota awa goma za ta yi tana jan wuta ba hutu, mutanen gida suna barci. Wayar da aka ja don ƙwai da fanka ba ta wannan aiki ba ce.

Abin da ya dace shi ne akwatin caji na bango mai kilowat 7, da wayarsa ta kansa mai kauri tun daga mita. Da shi Lightning za ta cika cikin awa 20, ƙaramin batir irin na Hilux kuwa cikin dare ɗaya. Sai dai kilowat 7 ya fi ƙarfin mitar yawancin gidajenmu, dole a nemi ƙarin ƙarfi, kuɗin wata kuma ya hau, tun da tsarin biyan kuɗin wuta mataki-mataki ne: yawan shanka, tsadar kowane kWh. Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa, wato wayar ƙasa, wadda ake binne ƙarfenta don kariya. Gidaje da yawa ba su da ita, ko kuma ƙasar ta bushe ƙarfen ba ya aiki. Na'urar caji in ba ta ji ta ba sai ta ƙi tashi, haka nan in wuta ta yi ƙasa da yawa sai ta yanke. Mai mota ya kwana da tunanin tana sha, da asuba ya tarar ba ta ƙaru ba.

Caji mai sauri kuwa, irin mai kilowat 150 da ke kai Lightning daga kashi 15 zuwa 80 cikin minti arba'in da 'yan kai, wani al'amari ne daban. Na'ura ɗaya tana jan abin da gida 50 masu kilowat 3 za su ja in kowa ya kunna duk abin da ya mallaka. Tana bukatar taransifomarta. Tashar sola ta Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 ce. Da tsakar rana, gaba ɗayanta, ba za ta ɗauki irin waɗannan na'urori 50 a lokaci guda ba. Ba wai abin ba ya yiwuwa ba ne. Tazarar Yamai da Doso, Doso da Dogon Dutsi, Dogon Dutsi da Ƙonni, kowace wajen kilomita 140 ce, kamar don wannan aka jera garuruwan. Wurin caji uku ko huɗu masu ƙarfi matsakaici, kowanne da rumfar sola da batirin ajiya, sun isa su buɗe hanyar ga ƙananan motocin lantarki. Amma wani ne zai fara zuba kuɗi kafin motocin su zo, su kuma motocin ba za su zo ba sai sun ga wurin.

Dukkan wannan yana zaune ne a kan wutar ƙasa, wadda mun san halinta. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar. Kafin 2023 kusan kashi 70 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa. A watan Agusta na wannan shekara aka yanke layin saboda takunkumin Cedeao, sai a Maris na 2024 aka mayar. Tashar Goru Banda mai aiki da mai, da ta sola mai megawat 30 da ke kusa da ita, su suka taimaka wajen riƙe Yamai a lokacin. Madatsar Kandaji, da ake sa ran megawat 130 daga gare ta, ana jiran ta. Masu kawo misalin Habasha, wadda ta hana shigo da motocin mai a 2024, su riƙa tunawa cewa ita tana da madatsar ruwa mai megawat sama da 5,000 a kan kogin Nilu. Mu kuwa watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 42, su ne lokacin da kowa ke neman wuta, su ne kuma lokacin da aka fi ɗauke ta.

Wani zai ce ai ga janareta. A yi lissafin. Janaretan gazuwal yana ba da wajen kWh 3 daga lita ɗaya. Motar tana bukatar wajen 28 daga bango don ta yi kilomita ɗari. Lita 9 ke nan, daidai abin da Hilux za ta sha da bakinta. An zagaya an dawo gidan mai, ga ƙara ga hayaƙi.

Inda lissafin ya juya ya koma wajen mai motar lantarki shi ne in aka daina tambayar kwana nawa batir zai cika, aka tambayi kilomita nawa motar ke yi a wuni. Ɗauki mai shagon kayan gini a Katako, wanda yaronsa ke kai siminti da rodi Harobanda da safe, ya leƙa Talaje da azahar, ya sauke kwano a Lazare kafin la'asar. In aka haɗa, da wuya ta wuce kilomita 50 ko 60. Wutar kWh 15 ke nan. Akwatin bango zai mayar da ita cikin awa biyu da 'yan mintoci, ko da an ɗauke wuta rabin dare akwai sauran lokaci. A ƙasarmu kilowat ɗaya na farantan sola yana ba da kWh 4 zuwa 5 a rana in ana share masa ƙura, musamman da hunturu. Faranti shida ko bakwai masu wat 500 sun ciyar da wannan mota. Matsala ɗaya ita ce rana tana aiki lokacin da motar ma take aiki. Wanda motarsa ke dawowa gindin shago ko harabar ma'aikata tsakanin azahar da la'asar ya tsira. Wanda tasa ke waje wuni zubur sai ya sayi batirin ajiya, ko ya haɗa sola da wutar gari. Asibitin gunduma, ƙungiyar manoman albasa da ke zirga-zirga tsakanin Galmi da Madawa, ma'aikatar da ke da faffaɗan rufi da mota mai kwana wuri ɗaya, su ne nake ganin ya kamata su fara. Kuma abin da suke bukata ƙaramar mota ce mai batir 60 zuwa 90, ba ƙatuwar Amurka ba. Babban batir kuɗi ne da nauyi da kake ɗauka kullum saboda tafiyar da ba za ka yi ba sai sau biyu a shekara.

Ga kuɗi. Rangwamen watan Yuli na 2024 ya sa litar gazuwal a sefa 618, lita 9 ta kama wajen 5,500. In muka ƙaddara kowane kWh a sefa 125, guda 28 sun kama 3,500. Rarar jika biyu ce a kilomita ɗari. Mai yin kilomita 20,000 a shekara ya tsira da sefa 400,000. Ƙara da babu juyen man inji, babu matacin gazuwal, babu injekta, babu kuloci, birki ma yana daɗewa. Kuɗi ne, amma ba su kai su rufe bambancin farashin saye cikin shekara biyu ko uku ba. Lightning da ta fito a kan kusan dalar Amurka 40,000 ba ta daɗe ba ta haura 50,000, kafin kuɗin jirgi da na duwan, ga hanyar kaya ta yi tsawo tun da aka koma bi ta Lome da Burkina. Mai sola ne ribarsa ke fitowa fili, domin da zarar farantan sun biya kansu tafiyarsa ta kusa zama kyauta.

Akwai wata riba da ban ga ana ba ta darajar da ta kamata ba. Motar tana iya ba da wuta. Lightning tana fitar da har kilowat 9.6, da yawa daga na Sin ma suna da wurin jona kaya a bodi. Fanka huɗu masu wat 70 in suka kwana suna juyawa awa goma ba su kai kWh 3 ba. Firji, ƙwai da talabijin su ƙara kaɗan. Batir mai 60 zai riƙe gida irin wannan kwanaki, ba ƙara ba hayaƙi, ga tsoho ko jaririn da zafin dare ke wahalarwa. Mai walda ko mai famfon ban-ruwa a garka shi ma ya samu inji mai tafiya da ƙafarsa. A dai lura, motar Amurka wutar Amurka take bayarwa, volt 120 da 240 a kan zagaye 60 cikin daƙiƙa, tamu kuwa 220 ce a kan 50. Ba kowace na'ura ce za ta ji daɗinta ba.

Masu ƙera motocin ma sun fahimci inda gizo ke saƙa. A-kori-kurar BYD Shark ta ƙasar Sin da aka ƙaddamar a Meziko a 2024 tana da batir na kusan kWh 30 mai yin wajen kilomita 100, da injin esansi don doguwar hanya. A watan Disamba na 2025 Ford ta sanar da daina ƙera Lightning mai lantarki zalla, ta ce mai zuwa za ta zo da injin mai da zai riƙa cajin batir. Ga ɗan kasuwar da ke aikin gari duk mako, ƙarshen wata ya tafi Adar ganin gida, irin wannan ta fi kama da amsa, duk da cewa inji biyu ke nan da za su nemi gyara.

Zafinmu ba ya cinye tafiyar wuni kamar yadda sanyin Turai ke yi, ɓarnarsa a hankali take: yana tsofar da batir. An ga haka a 2012 a jihar Arizona ta Amurka, inda motocin Nissan Leaf na farko, waɗanda batirinsu ba shi da ruwan sanyaya, suka fara rasa ƙarfi da wuri. Don haka mai saye ya tabbatar batirin na sanyaya da ruwa ne, in da hali ya zaɓi nau'in LFP, wanda ya fi NMC jure zafi ko da ya fi shi nauyi. Mota ta kwana a rumfa, ta wuni a inuwa, kada a bar ta cike fal tana gasuwa a rana. Batirin a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, saboda haka duwatsun hanyar Kaita da Buza da tsallaken korama da damina suna neman direba mai natsuwa. Taya tana saurin cinyewa saboda nauyi. Wayoyin cikin motar masu launin lemu volt 400 suke ɗauke da shi, a wasu motocin 800. Makaniken da ya ƙware a Land Cruiser, komai gwanintarsa, in ba a koya masa ba rayuwarsa ce a hannunsa. Koyar da yaranmu na garaji wannan aiki ya kamata ya riga motocin isowa.

Abin da ya fi damuna shi ne na hannu. Yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, kuma motar lantarki ta hannu ba a gane lafiyarta da jin ƙarar inji ko duba hayaƙi. Fenti na iya ƙyalli alhali batir ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu, ko kuma motar ta sha ambaliya a can kamfanin inshora ya yi gwanjonta. Garantin batir galibi shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma da wuya ya biyo mota zuwa ƙasar da kamfani ba ya sayar da ita. Kamfanin Rivian, alal misali, a Amurka da Kanada kaɗai yake sayar da a-kori-kurarsa R1T. Bakin caji ma iri-iri ne: CCS1 da na Tesla a Amurka, CCS2 a Turai, GB/T a Sin, kuma ba kowane mahaɗi ne ke sa su fahimci juna a caji mai sauri ba. Kafin a biya ko dala, a jona na'urar bincike a ga kashi nawa ya rage na lafiyar batir, a cika ta a yi tafiyar kilomita ɗari da kaya a ga abin da ta ci, a kuma san sunan garajin da zai buɗe ta in ta tsaya. Dillalin da ya ce "Alhaji, ai wannan ba ta lalacewa" amma ya hana a gwada, a bar masa motarsa.